Kati ba riga ba ne: kurakuran masu bugu da sikirin a gida

Yawancinmu da muke buga katin biki a gida daga bugun riga muka taso, rigunan makaranta, na 'yan ƙwallon unguwa, na kamfen in zaɓe ya matso, to sai mutum ya ɗauka ai duk ɗaya ne tunda raga ce da firem da robar ja. A nan ake shan ƙasa. Yadi yana shan tawada, kwali kuwa abin da ka zuba masa nan zai zauna yana kallonka.

Ni tawada ce ta fara ci na. Katin ɗaurin auren ƙanwar matata, na ce a bar min ba sai an kai wa masu inji ba, na ɗauko ragowar filastisol ɗin da nake buga riga da ita na buge su tas na baje a tsakar ɗaki, wallahi kwana biyu in ka taɓa sai ta biyo yatsa, ga 'yan biki sai waya suke min. Ashe ita iska ba ta busar da ita ko shekara za ta yi, sai an gasa ta a zafi wajen digiri 160, kati kuma in ya ji wannan wutar lanƙwashewa zai yi. Takarda tawadar ruwa take so, irin ta akirilik.

Amma ita ma da halinta, saurin bushewa a cikin raga, balle da hunturu. Ka tsaya amsa waya minti biyu ka dawo ka tarar ƙananan rubutu sun toshe. Maganin shi ne duk jan da ka yi, ka ɗaga firem ka mayar da tawadar baya a hankali ta lulluɓe zanen kafin ka sa wani katin, ka kashe fanka, ka ajiye tsumma mai laima kusa, in ka samu ruwan da ake ɗigawa don jinkirta bushewa ka sa kaɗan. Ni da asuba nake bugu lokacin sanyi, kafin iska ta taso da ƙura.

Sai raga. Lambar da ke jikinta yawan zare ne a inci ɗaya, 110 ta riga ce, ramukanta manya, in ka buga kati da ita tawada za ta yi tudu, ƙugiyar ɗ da ƙ su cike, ɗigon Bismillah ɗin da ke saman katin su haɗe su zama ɗaya, kuma ka san dattawa nan suke fara dubawa. Nemi 200 zuwa 230.

Wajen emolshon kuwa, wato maganin da ake shafa wa raga wanda haske ke taurara shi don zane ya fito, gaggawa ce ke kashe mutane. Ba a wanke sabuwar raga da sabulun wanke-wanke ya cire maiƙo ba, an lafta shi da kauri kamar ana yaɓen ɗaki, an shanya a inda haske ke shiga. Shafi siriri ake yi, ya bushe a duhu a kwance, kuma kar a ce za a taimaka masa da zafi, in ya haura digiri 40 yana fara taurara tun bai ga zane ba. Wanda aka riga aka haɗa da maganin da ke sa ya ji haske ma sati kaɗan yake yi a ɗakin da ya sha zafin bazara, firij ne wurinsa, a dai rubuta a jiki kar yara su ɗauka abin sha ne.

In ka ɗora takardar zanenka kan ragar ka haska a rana, ka zo wankewa komai ya zube har da inda bai kamata ba, hasken bai isa ba. In kuma zanen ya ƙi buɗewa, ko dai ya wuce lokaci ko baƙin zanenka ba baƙi ba ne, ɗaga takardar ka kalli fitila ta cikinta, in kana hango haske to buga biyu ka ɗora ɗaya kan ɗaya. Kuma kar ka karɓi mintin haskawa na wani, ranar Kano da tsaka ba ranar damina ba ce. Ɗauki kwali ka rufe ragar, ka riƙa janyewa kaɗan duk sakan 15, ka wanke ka ga layin da ya fi fita.

Akwai ɗan abin da ake rainawa, tazara tsakanin raga da kati. In suna manne, kati zai biyo raga gefen rubutu ya yi dama-dama. Liƙa guntun kwali a ƙasan firem ya ɗaga kamar milimita 2 ko 3. Ja ɗaya, robar a ɗan karkace, ba sai ka danna kamar kana niƙa ba. Kati ya zama mai kauri, mai lambar nauyi giram 250 zuwa 300 a murabba'in mita, siriri ruwa zai kumbura shi.

Mai kala biyu ya manna alama uku a tebur da salatif, biyu a ƙasa ɗaya a gefe, kowane kati nan zai jingina, a fara da kala mai haske. Ka ƙara guda goma a kan abin da aka ce maka don sai wasu sun lalace, kar ka jibga su kan juna suna ɗanye, kuma kana cire na ƙarshe ka wuce famfo da ragar kafin ka zauna ƙirga kati.