Wane tsari za ka bi ka karance Littafi Mai Tsarki cikin shekara guda?

Kafin ka zaɓi tsari, yi lissafi tukuna. Littattafai 66 ne, surori 1,189: 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabon Alkawari. In ka karanta sura 3 kullum, ranar Lahadi kuma 5, za ka gama cikin mako 52. Kamar kwata na awa ke nan zuwa minti ashirin a rana. (Na 'yan Katolika littattafai 73 ne, sai su ɗan ƙara.) To, ka tambayi kanka tsakani da Allah: kana da wannan lokacin kullum, ko dai zafin sabuwar shekara ne ke ɗibarka?

Tsarin da kowa ke fara tunani shi ne daga Farawa har Wahayin Yahaya, a jere. Ba ya buƙatar takarda, inda ka tsaya nan za ka ɗora. Sai dai ni ba na ba sabon shiga wannan shawarar. Farawa da Fitowa surori 90 ne, galibi labari, suna tafiya sumul. Ƙarshen Janairu sai ka faɗa Littafin Firistoci: hadaya ta ƙonawa, kitsen da ke kan ƙoda, firist yana duba tabon fata ko gashin wurin ya zama fari. Nan mutane da yawa ke ajiye littafin, daga nan sai baɗi. Wanda ya daure ma, ba zai ga Matiyu ba sai Oktoba. Wata tara ba Linjila, ai da nauyi.

Shi ya sa na fi son tsarin gauraye, wanda ke ba ka Tsohon Alkawari da Sabo a rana ɗaya. Ranar da jerin sunayen zuriya a 1 Tarihi ya gajiyar da kai, ga Luka ko Zabura a gefe. Kuma Firistoci kansa yana buɗewa in ka haɗa shi da Ibraniyawa. Karanta Firistoci sura 16, inda babban firist ke shiga bayan labule da jini sau ɗaya a shekara, sannan ka buɗe Ibraniyawa 9, ka ga abin da nake nufi. Sanannen tsari irin wannan shi ne na Robert Murray M'Cheyne, wani fasto ɗan Sikotilan, wanda ya tsara wa ikilisiyarsa a 1842: wurare huɗu kullum, Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Yana da kyau, amma kaya ne mai nauyi. Ba laifi ka raba shi shekara biyu.

Akwai kuma na bin tarihi, inda aka jera surori yadda abubuwa suka faru. Za ka karanta yadda Natan ya tsawata wa Dawuda a 2 Sama'ila 12, nan take Zabura 51 ta biyo, sai ka ji addu'ar da wani kunne daban. Haggai da Zakariya su zo kusa da Ezra, lokacin sake gina Haikali. Wannan ya fi dacewa da wanda ya taɓa karancewa sau ɗaya. Ka sani dai masana ba su yi ittifaƙi kan lokacin wasu littattafai ba, kamar Ayuba da Yowel, don haka jadawalin wani ya bambanta da na wani.

Idan lokacinka kaɗan ne, ɗauki Sabon Alkawari kawai. Sura ɗaya, kwana biyar a mako, 260 cif. Kada wani ya ce maka wannan ragwanci ne.

Ko wanne ka ɗauka, duba ko ya bar ranakun hutu, domin rashin lafiya da tafiya ba sa neman izini. Surori ma ba tsawonsu ɗaya ba: Zabura 117 aya biyu ce, 119 kuwa 176. In kwana uku ne suka wuce ka, rama a ranar hutu. In sun kai mako biyu, kada ka ce sai ka haɗiye sura arba'in a zama ɗaya. Ɗora daga inda ka tsaya, ka gama a Fabrairu mai zuwa. Fara a fassarar da kake ganewa ba tare da ƙamus ba, ka tsayar da takamaiman lokacin karatu a rana, kuma ba dole sai 1 ga Janairu ba.