Yadda Ake Tsara Kwantenonin Docker Domin Rahoton Squid da Adana Bayanai

Makaranta ko ofis a Katsina da ke raba layin intanet ɗaya ga jama'a da yawa yakan bukaci sabar firoksi, wato kwamfutar da duk mai shiga intanet zai bi ta cikinta. Manhajar Squid, wadda ke yin wannan aiki na firoksi tana karɓar buƙatu a tasha ta 3128, tana rubuta kowace buƙata a /var/log/squid/access.log, kuma daga wannan kundi ake gane shafukan da ke cinye data da lokutan da layi ke cunkushewa.

Docker manhaja ce da ke gudanar da wata manhaja, irin su Squid, a cikin keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena. Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, duk abin da aka rubuta a cikin kwantena yana tafiya tare da ita ranar da aka goge ta. Don haka kada kundin ya kwana a cikinta. A ƙirƙiri ma'aji na musamman da umarnin docker volume create, a haɗa shi da jakar /var/log/squid, ta yadda ko an sauya Squid da sabon salo, bayanan watannin baya suna nan daram.

Sai a ware kwantena ta biyu domin manhajar rahoto irin su SARG, a haɗa mata wannan ma'aji da alamar :ro, wato ta karanta kawai ba ta da ikon rubutu. A ganina wannan ne matakin da bai kamata a yi sakaci da shi ba, domin kuskure ɗaya a manhajar rahoto ba zai taɓa asalin kundin ba. Rahotannin kuwa a ba su nasu ma'ajin.

Squid tana rubuta lokaci da ƙidayar daƙiƙoƙi tun daga 1970, saboda haka a sanya TZ=Africa/Lagos, wato saitin agogon Najeriya, a kwantenar rahoto, in ba haka ba cunkoson ƙarfe goma na safe zai bayyana a ƙarfe tara. Ganin yadda ake yawan ɗauke wuta, a ba kowace kwantena umarnin restart: unless-stopped domin ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.

Kundin yana kumbura da sauri, don haka a riƙa juya shi kullum, wato a rufe tsohon a buɗe sabo, da squid -k rotate, a kwafe tsofaffin zuwa wata na'ura daban. Tunda yana ɗauke da adireshin na'urar kowa da shafukan da ya ziyarta, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana aiki a kansa. A kulle shafin rahoto da kalmar sirri, a kuma tsayar da wa'adin goge tsofaffin bayanai.