Yadda za ka sa sanarwar haƙƙin mallaka da cire alhaki a ƙaramar manhajar da kake rabawa kyauta

Matasanmu a Makka, Jidda da Madina suna rubuta ƙananan manhajoji, kamar ta lissafin lokutan salla, ta juya kwanan wata daga Hijiriyya zuwa Miladiyya, ko ta tuna wa mutum ranar ƙarewar iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya), su watsa su a WhatsApp da Telegram. Yawancinsu ba sa rubuta komai a kan haƙƙi, suna ganin tunda kyauta ce, kowa ya yi yadda ya ga dama. A doka ba haka abin yake ba. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Berne, ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, a 2004, kuma dokar haƙƙin mallakarta ta 2003 ta haɗa da manhajojin kwamfuta. Da zarar ka rubuta, haƙƙin naka ne ko ba ka yi rajista ba. Saboda haka manhajar da ba ta da lasisi, ko da an ɗora ta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ba wanda ke da izinin gyara ta ya sake rabawa.

Fara da layin mallaka: alamar ©, shekarar da aka fara fitar da aikin, sai sunanka. Rubuta shekarar Miladiyya, domin wanda ke wata ƙasa zai ga 1446 ya rikice. In ka yi babban gyara daga baya, sai ka sa 2023–2025. In ka rubuta manhajar a lokacin aiki ko da kwamfutar kamfani, duba kwantiraginka tukuna, mai yiwuwa ba kai ne mai ita ba.

Kada ka ƙirƙiro lasisinka. Wanda ya rubuta "kyauta ce don Allah, ban yarda a sayar ba" bai faɗi ko za a iya gyarawa ba, ko a sa ta cikin wata manhaja, kuma masu son taimakawa gudunta za su yi. Ga ƙaramin aiki, sanannen lasisin nan mai suna MIT ya wadatar. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk wanda ya kwafa ya bar layin mallakarka da rubutun lasisin. Amma ya halatta a sayar, har a rufe tushen manhajar, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi. In rufe tushen bai kwanta maka ba, ɗauki lasisin GPL na 3, wanda ya fito a 2007, domin ya wajabta wa wanda ya raba gyararren aikinka ya bayar da tushensa a kan lasisin nan. Creative Commons kuwa, masu lasisin rubuce-rubuce da hotuna, su kansu ba su ba da shawarar amfani da lasisinsu ga manhaja ba.

Kwafi rubutun lasisin da Turancinsa, harafi da harafi, a fayil mai suna LICENSE. A saman kowane fayil sa layin da ke nuna lasisin, kamar SPDX-License-Identifier: MIT. Kana iya bayani da Hausa ko Larabci a fayil ɗin bayani na README, amma ka ce na asali shi ne abin dogaro. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen rabawa: fayil ɗin APK, wanda ake girka manhajar da shi a waya, kaɗai ke yawo daga waya zuwa waya, LICENSE ya tsaya a baya. Maganinsa shafin "Game da manhaja" a cikinta, da layin mallaka, da lasisin, da sunayen duk abin da ka aro. Salon haruffan Larabci na Amiri, alal misali, yana ƙarƙashin lasisin OFL, na Cibiyar Sarki Fahd ta buga Alƙur'ani da ke Madina kuwa suna da nasu sharuɗɗan, a karanta kafin a saka.

Sai cire alhaki. Sakin layin nan na manyan haruffa a MIT yana cewa an ba ka manhajar yadda take, babu garanti, marubuci ba zai biya asarar da ta biyo baya ba. Kada ka goge shi don ya yi tsawo. Amma ba zai wanke ka daga ha'inci ko mummunan sakaci ba, kuma mai amfani da waya a unguwar Masfala ta Makka ba zai karanta shi ba. Don haka ƙara gargaɗi gajere da harshen mutane, a daidai inda kuskure zai yi ɓarna. In manhajar salla ce, faɗi cewa kana bin lissafin Ummul Ƙura, inda Isha'i ke shiga minti 90 bayan Magariba, 120 a Ramadan, kuma a bi kiran sallar masallaci in an samu saɓani. In ta kwanan wata ce, faɗi cewa lissafi na iya bambanta da ganin wata da kwana ɗaya, kuma ranar ƙarewar iƙama a tabbatar da ita a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya. In ta zakka ce, nuna nisabin da ka ɗauka, giram 85 na zinariya, da ranar da aka sabunta farashin.