Yadda za ka fara sana'ar wanki da guga a Kumasi

Kada ka yi saurin sayen injin wanki. Nemi tsohon hannu a Aboabo ko Asawase, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, koyo na zo." Ka yi 'yan watanni kana shanya kana ninki a gabansa.

Darasin farko shi ne karɓar kaya. Ka warware kowace riga a gaban mai ita, ka laluba aljihu, ka nuna masa tabo ko yagewar da ta zo da ita, ka rubuta a littafi, ka ɗaura mata lamba. Ni na taɓa biyan kuɗin kaftani saboda ƙunar da ba ni na yi ba, don kawai ban duba ba.

Sai sanin yadi, kuma a Kumasi nan ne aikin yake. Shadda tana son sitacin rogo daidai gwargwado, wasu ma bugu suke so ba guga ba, don ƙyallinta ya fito. Kente, yadin gargajiya da ake yi a garin Bonwire, saƙar hannu ce, ƙwarya-ƙwarya aka haɗa. Inji zai ja zarenta. Ruwan sanyi da hannu, ba murza, ba matsa, shanya a inuwa, guga ta bai da farin ƙyalle a kai. Adinkra ta asali, wato yadi mai tambarin zane da ake bugawa a garin Ntonso kuwa, tawadarta daga ɓawon itace take, ruwa na iya kwashe ta. Ka gaya wa mai ita gaskiya tun kafin ka taɓa. Duk yadin da kake shakka, jiƙa farin ƙyalle ka goga a bakin ɗinki ta ciki. In ya ɗauki launi, ware shi.

Kwat da rigunan kanti suna da takarda a wuya ko a gefe. Hoton dutsen guga mai ɗigo ɗaya, kada zafi ya wuce digiri 110, biyu 150, uku 200. In ka ga an soke hoton bahon wanki, ga da'ira a gefe, wankin sinadari ke nan ba na ruwa ba. Kai wa masu injinsa, ka ɗora ribarka.

Jini da ruwan sanyi ake fitar da shi. Manja, shafa sabulun wanke-wanke tukuna. Tabon da bai fita ba, goro ne ko miya, kada dutse ya hau kansa, zama zai yi.

Ka tanadi rumfar shanya, don damina biyu muke yi, hunturu kuma ƙura. Ka ajiye dutsen gawayi saboda ranar dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, amma ka kaɗe toka kafin ya taɓa farar riga. Alhamis kayan Juma'a za su taru, Juma'a baƙaƙe da jajayen zannuwan maƙwabta masu jana'izar Asabar. Kada waɗannan su haɗa baho da fari.

In ka kama shago, je ofishin Asambule, wato ƙaramar hukumar yankinka, ka yanki lasisi, ka manna lambar MoMo, ta karɓar kuɗi ta waya, a ƙofa. Mako guda kafin Salla, daina karɓar abin da ba za ka iya gamawa daren jajibere ba.