Yadda za ka share ƙurar saman shago ba tare da ka faɗo ba

Kullum da safe yaron shago zai share ƙasa ya goge tayil har sai ya yi sheƙi, amma ɗaga kai ka dubi fanka da saman kantar kaya, wallahi sai kunya ta kama ka. Daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris can ƙurar hunturu take taruwa, kana kunna fanka sai ta watso ta kan atamfa da shadda da hancin kwastoma, shi ya sa yaranka kullum cikin mura da atishawa, mai asma kam ba a magana.

Ka bari sai ranar da ba ciniki, ka rufe kaya da leda ko tamfol, ka sa takunkumi. Kashe wuta daga babban makunni, kar ka ce ai babu wuta, 'yan NEPA na iya kawowa hannunka na kan fanka, inbata ma a kashe ta.

Don Allah a daina ɗora kujerar roba kan tebur. Nemi tsani mai kyau, wani ya riƙe maka daga ƙasa, in na jinginawa ne duk tsawon ƙafa 4 ka ja gindinsa ƙafa 1 daga bango, kuma na alminiyam yana ɗaukar wuta, kar ya kusanci waya.

Daga sama ake farawa a gangaro, in ba haka ba aiki biyu za ka yi. Ɗaura tsintsiya a doguwar gora ka kwashe yanar gizo ta silin da kusurwa. Fanka kuwa tsohuwar rigar filo ce maganinta, ka zura reshen a ciki ka jawo a hankali, ƙurar duk a ciki za ta tsaya, kar dai ka danna da ƙarfi, in reshe ya lanƙwashe fankar rawa za ta riƙa yi tana ƙara. Saman kantar kaya a goge da tsumma mai ɗan laima, busasshe tayar da ƙurar kawai yake.

Ragar esi a ciro ta duk sati 2 lokacin hunturu a wanke, ta bushe sosai kafin a mayar, in ta toshe sanyi ya ragu ga shan wuta. Farantin sola da sassafe ake wanke shi tun bai yi zafi ba. In filaza ce mai hawa 2 ko 3, gilasan waje da indararo kar ka tura yaro, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku kira masu sana'ar da ke da igiyar ɗaure ƙugu.