Kurakuran da masu sana'ar hannu suka fi yi wajen neman sabon zane a Jidda

Kwanakin baya 'yar yayata, wadda ke koyon surfani a wurina, ta miƙo mini wayarta tana ɓata rai. Ta ce, "Kawu, duba zanukan da na tara, amma na rasa wanda zan ɗinka." Na yi ta jan hotuna har yatsana ya gaji: abayoyi, jakunkuna, kofuna, bangon gidaje, duk daga Instagram da Pinterest. Na tambaye ta wanne ta taɓa riƙewa a hannu a cikinsu. Ta yi shiru.

Daga nan yawancin matasanmu ke ɓacewa. Hoton waya fuskar abu kawai yake nunawa, alhali duk maɗinki ya san bayan ƙyalle ne ke faɗin gaskiya: ta ina allura ta shiga, ina aka ƙulle zare, sau nawa aka maimaita. Maganin kuwa ba ya cin ko riyal ɗaya. Ɗauki littafi da fensir bayan la'asar ka shiga Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Zaɓi roshan guda ɗaya, wato tagar katakon nan da ke turowa daga bango, ka zauna ka zana ta. Kafin ka kai rabi za ka lura cewa abin da kake gani kamar aiki mai rikitarwa ƙaramin tsari ɗaya ne aka yi ta maimaitawa, kuma ramukan suna da aiki: iska tana shiga, na ciki yana ganin titi, na waje ba ya ganinsa. Wanda ya zana taga ɗaya da hannunsa ya fi wanda ya ɗauki hoton hamsin tafiya da abin amfani.

Sai kwafa kai tsaye. Tun da aka ayyana 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu a Saudiyya, ko'ina ka duba zanen Sadu ne, wato saƙar gargajiyar Larabawa, a bakin abaya, a jakar waya, a kwalin dabino. Mu ma mun bi yayi, mu sayo bugagge na inji mu liƙa a riga mu ce mun yi sabon abu. Zanen aro ba ya rufe katara, mai saye kuma ya ga irinsa a shaguna goma kafin ya iso gare ka. Abin da ya dace a ɗauka shi ne ƙa'idar aikin. Sadu, wanda UNESCO ta amince da shi a 2020, saƙar matan Larabawan ƙauye ce a kan masaƙar da ake shimfiɗawa a ƙasa, da gashin tumaki da na raƙumi da na awaki. Shi ya sa yake fitowa jere-jere, da launuka kaɗan: baƙi, fari, ja, ruwan ƙasa. Al-Qatt na yankin Asir kuwa, wanda ya shiga jerin a 2017, mata ne ke zana shi a bangon ɗaki, kan farar ƙasa, kusurwa uku bisa kusurwa uku, sahu bayan sahu. To ka ɗauki wannan horo na taƙaita launi da jera sahu, ka gwada shi a hula ko faifai da zanen da hannunka ya saba. Abin da zai fito naka ne, ba wanda zai ce ka sata.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne raina na gida. Yaranmu da aka haifa a Makka da Jidda da Madina, da yawansu idan suka ga babbar rigar kakansu sai su ce kayan tsofaffi ne. Ni kuwa na ce a ciro ta daga akwati a shimfiɗa a ƙasa a duba da kyau. Rigar aska takwas ba ta raba ado daidai-wa-daida tsakanin dama da hagu. Nauyin aikin yana gefen hagu wajen aljihu, asakan suna saukowa da tsini, ɗinkin ya zagaya wuya ya faɗa baya, tambari kuma yana zaune shi kaɗai a ɗaya gefen, sauran yadin a bar shi fayau. Wannan barin fili da karkatar da ado gefe ɗaya shi ne abin da masu zayyanar zamani ke ta faman nema, mu kuwa muna da shi a ƙasan akwati yana shan ƙanshin kafur. Haka dagi, haka zanen ƙwarya, haka aikin dukawa a kan jar fatar Sakkwato, haka shuɗin marinar Ƙofar Mata da ta haura shekara 500 a Kano. A kasuwar da kowa ke sayar da abu iri ɗaya, abin da kai kaɗai ka gada shi ne jarinka. Sai dai a yi hattara: ɗora dagi ƙato a tsakiyar kowane abu shi ma lalaci ne. Ɗauki aska guda biyu, ka siranta su, ka sa a hannun baƙar abaya da zare baƙi mai sheƙi. Wanda ya sani zai gane, wanda bai sani ba zai tambaya.

Akwai kuma masu ƙin zuwa wuraren baje kolin fasahar zamani, wai shirme ne na masu kuɗi. Na yarda, wani abin in ka gani sai ka yi dariya a zuci. Amma ga cibiyar fasaha ta Hayy Jameel nan cikin Jidda tun 2021, ga kuma babban baje kolin fasahar Musulunci da aka fara a 2023 a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wurin da iyayenmu da yawa suka fara taka ƙasar nan. A zagaye na biyu, a 2025, an baje kiswa, wato rigar Ka'aba, sukutum, karo na farko a wajen Makka. Maɗinkin da ya tsaya kusa da ita zai ga dalilin da rubutun jikinta ya taso: sai an shimfiɗa zaren auduga an yi masa tudu kafin a lulluɓe da zaren zinariya da na azurfa. Ga kuma aikin Ahmed Mater, likitan da ya zama mai fasaha: baƙin maganaɗisu mai kusurwa huɗu, ya barbaɗa garin ƙarfe kewaye da shi, garin ya jeru kamar masu ɗawafi. Kaya biyu kacal. Idan ka shiga irin wuraren nan, daina tambayar ko za ka rataye abin a ɗakinka. Tambayi kanka da me aka yi shi, me mai aikin ya cire ya bari.

Cirewar nan ita ce ke gagarar mu. Mutum ya ga Sadu ya so, ya ga Qatt ya so, ya tuna dagi, ya ƙara duwatsu masu walƙiya, duk a jaka ɗaya. In ka gama zane, cire abu ɗaya ka sake dubawa. Sau da yawa za ka cire na biyu.

Wani kuskuren ya wuce batun kyau. Rubutun Larabci yana da daɗin kallo, sai ka ga an kwafo shi daga intanet an ɗora a matashin kujera ko jaka ba a karanta ba, ashe aya ce ko sunan Allah, abu kuma a jefar da shi ƙasa ko a shiga da shi banɗaki. Karanta kafin ka ɗinka, in rubutun ya sarƙe maka kai wa malami. Tutar Saudiyya ma tana ɗauke da kalmar shahada, kuma hukuma ta hana sa ta a kayan sayarwa, don haka kar murnar ranar ƙasa ta 23 ga Satumba ta ja ka.

Na ƙarshe ni ma na faɗa cikinsa, shi ne mantawa da halin kaya da yanayin gari. Na taɓa samun turkuɗi mai ƙyalli daga gida, na yanka siriri na yi wa wata farar jallabiya ado a wuya. A kan tebur ta yi kyau har na ɗauki hoto. Mai ita ya sa ta ranar Juma'a cikin zafi da laimar Jidda, kafin ya dawo daga masallaci wuyansa da ƙirjin rigar sun zama shuɗi. Ya zo ya ce, "Malam, ka mai da ni Buzu." Na biya kuɗin yadi, ban yi musu ba. Ƙyallin turkuɗi baba ne da aka buga a kan zanen, gumi kuwa sauke shi yake yi. Tun daga ranar ba na haɗa rinanne da fari sai na jiƙa farin ƙyalle na goga a kai na gani. Fata ma haka: wadda ba ta jemu sosai ba tana iya zama lafiya a bushewar Kano, ta zo nan ta yi wari ko fumfuna. Kowane sabon tunani, fara gwada shi a ƙyalle kamar tafin hannu, ka wanke, ka shanya a rana, ka bar shi mako guda.

'Yar yayar tawa dai ta je Balad sau biyu da littafinta, ta kuma sa mahaifiyarta ta ciro rigar marigayi kakanta. Yanzu tana kan gwaji na uku na hannun abaya. Na farko zaren ya yi kauri, na biyu asakan sun karkace. Jiya ta ce, "Kawu, wannan fa?" Na juya bayan ƙyallen na duba, na ce ta warware layi biyu na ƙasa ta sake.