Yadda Ake Gina Aikin Bincike Mai Tasiri a Fannin Lafiyar Mata Masu Juna Biyu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 260,000 ne suka rasu a shekarar 2023 sakamakon ciki ko haihuwa, kuma akasarin waɗannan rayuka ana iya ceton su da magungunan da aka daɗe da sani. Likita ko ungozoma ko masanin ƙididdiga da ya zaɓi wannan fanni a jami'a ya kamata ya riƙe adadin nan a zuciyarsa, domin a ganina da raguwarsa ake auna malami, kafin a zo ga yawan maƙalunsa.

Ka fara da zaɓen matsala ɗaya da za ka daɗe a kanta, ko zubar jini bayan haihuwa, ko hawan jini da jijjiga, ko doguwar naƙuda. Mai taɓa nan ya taɓa can yana iya samun ƙarin girma, amma ba za a san shi da komai ba. Bayan haka ka koma rajistar ɗakin haihuwa, ka ƙirga matan da suka rasu suna da ciki ko cikin kwana 42 bayan ƙarewarsa, wanda shi ne ma'aunin da duniya ta yarda da shi. Ka haɗa da waɗanda suka kai bakin mutuwa suka tsira, saboda sun fi yawa, kuma suna iya faɗin abin da ya same su da bakinsu. Tsarin jinkiri uku da Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka fitar a 1994 zai taimaka wajen tambayar su: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Ilimin ƙididdiga da tsara bincike wajibi ne, haka ma malamin da zai karanta rubutunka da gaske ya gyara. Kada ka taɓa bayanan kowa sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ka tuna cewa macen da ke tsakiyar naƙuda tana bukatar kulawa ta musamman wajen neman yardarta.

Inda matasa da yawa ke tsayawa shi ne binciken asibiti ɗaya, alhali tambayar ko magani yana hana mutuwa ba ta amsuwa sai da dubban mata. Gwajin Magpie na 2002 ya ɗauki mata sama da 10,000 a ƙasashe 33 kafin ya tabbatar da cewa maganin maganiziyam salfet yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Gwajin WOMAN na 2017 ya haɗa mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna cewa maganin tiranezamik asid yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa, kuma a shekarar 2017 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta kan maganin. Wanda ya fi burge ni shi ne E-MOTIVE na 2023, da aka yi a asibitocin Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya. Masu binciken sun lura cewa ido yana raina yawan jinin da ya zuba, sai suka shimfiɗa leda mai ma'auni ƙarƙashin mai haihuwa, suka ba da magunguna a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya, munanan sakamako suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Shiga irin wannan tawaga, ko da a matsayin mai tattara bayanai a cibiya guda, yana koyar da abin da aji ba ya koyarwa.

Wajen wallafa, ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewar masana ba. Tun ranar tsara binciken ka zaunar da ungozomomi da jami'an ma'aikatar lafiya, domin su ne za su aiwatar. Idan sakamako ya fito, ka rubuta musu shi a shafi ɗaya da harshe mai sauƙi, sannan bayan shekara ka koma rajistar da ka fara da ita ka sake ƙirgawa.